Yadda Linux ke sa na'ura ta manta tsohon adireshi

Ku ɗauki ɗan aiken da ya shekara yana kai kaya gida ɗaya. Tuni ya daina neman kwatance, ƙafarsa ta haddace hanya. Ran nan mai gidan ya tashi, wani ya tare, ba wanda ya gaya wa ɗan aike. Washegari ya yi sallama ya miƙa kayan wani a hannun wani. Bai yi sata ba, abin da ya sani jiya ya bi.

Masu kallo, irin wannan ɗan aike yana nan cikin kowace kwamfuta, kuma a wannan bidiyo za mu ga yadda masu gina kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, suka yi shekaru suna muhawara a kan tambaya guda: idan kwamfuta tana zaune cikin wata kwamfuta, wa ke da ikon cewa ɗan aike ya manta, kuma da wane harshe za a gaya masa?

Mu fara daga tushe. Adireshin da manhaja ke gani a ƙwaƙwalwar kwamfuta ba shi ne na ainihi ba. An yanka ƙwaƙwalwar shafi-shafi, a yawancin kwamfutocin Intel da AMD kowane shafi kilobait 4, sannan akwai jadawalin da ke cewa shafi kaza na manhaja yana wuri kaza a zahiri. Jadawalin nan hawa huɗu ne a mafi yawan injinan zamani, ma'ana kafin a gano adireshi ɗaya sai an leƙa ƙwaƙwalwa sau 4. Da za a yi haka kowane lokaci, da kwamfuta ta zama kunkuru. Shi ya sa furosesa, wato sashen da ke gudanar da umarnin manhaja, ke da wata 'yar ma'ajiya kusa da ita, ana kiranta TLB, inda take ajiye amsoshin da ta samo kwanan nan. Haddar ɗan aikenmu ke nan.

To ga inda gizo ke saƙa. In an gyara jadawali, TLB ba ta sani. Dole kanel ya aika umarni musamman ya ce a soke hadda kaza.

Ba furosesa kaɗai ke taɓa ƙwaƙwalwa ba. Katin sadarwa, katin zane, faifan ajiya mai sauri, duk suna karantawa suna rubutawa kai tsaye. Domin kada su yi ɓarna, an sa musu nasu mai gadi mai fassara adireshi, ana ce masa IOMMU. A wurin Intel sunansa VT-d, a wurin AMD kuma AMD-Vi, a injinan Arm SMMU. Shi ma yana da tasa ma'ajiyar hadda. Bugu da ƙari, ƙa'idar PCIe, wadda ke tsara yadda irin waɗannan katuna ke haɗuwa da kwamfuta, ta zo da wani tsari mai suna ATS, wanda ke ba na'urar kanta damar roƙon fassara ta ajiye a cikinta. Ku lura: hadda a mai gadi, hadda a cikin katin da kansa. In aka soke ɗaya aka manta da ɗaya, katin zai ci gaba da zuba bayanai a shafin da tuni aka ba wani. Wani lokaci lalacewar fayil ce, wani lokaci asirin wani ne ya faɗa hannun wani.

Sokewar nan tana da tsada, har Linux yana da wani salo na kasala da gangan, inda ake tara buƙatun sokewa a yi su tashi ɗaya, ana iya jinkirta su har milisakan 10. Sauri ya ƙaru, amma a cikin wannan ɗan lokaci ƙofa a buɗe take. Wanda bai yarda da na'urorinsa ba sai ya zaɓi salo mai tsauri ya biya da gudu.

Yanzu mu shigo da baƙo. A manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, inji ɗaya yana ɗaukar kwamfutoci na kwaikwayo da yawa. Kowacce baƙuwa ce, tana da nata kanel, tana ganin kamar ita ke da gidan. Mai masauki shi ne kanel na ainihi. Fassara ta zama bene mai hawa biyu: baƙo yana fassara adireshin manhajarsa zuwa abin da yake zaton adireshin zahiri ne, mai masauki kuma ya sake fassara wannan zuwa na gaske. In jadawali hawa huɗu ya hau kan jadawali hawa huɗu, gano adireshi ɗaya zai iya cin leƙe 24. Kun ga ashe hadda ta ƙara daraja, kuma sokewa ta ƙara muhimmanci.

Tun 2012, a Linux 3.6, tsarin VFIO ya ba da damar miƙa wa baƙo na'ura ta gaske kacokan. Amma in baƙon yana son nasa mai gadin, a da sai QEMU, wato manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta domin baƙo, ya yi masa na kwaikwayo, ya riƙa leƙa jadawalin baƙo yana kwafe shi zuwa wani jadawalin inuwa da injin gaske zai karanta. Duk sanda baƙo ya ƙara layi ko ya goge, sai an tsayar da shi an fita wurin mai masauki. Aiki ne na jidali.

Mafita ita ce a bar injin, wato mai gadi na gaske, ya karanta jadawalan biyu da kansa. Hawa na farko na baƙo ne, ya rubuta abin da ya ga dama, ba wanda zai tsayar da shi. Hawa na biyu na mai masauki ne, shi ne katangar da baƙo ba zai tsallake ba. Sai dai da saura. Baƙo ya gyara jadawalinsa, amma ma'ajiyar hadda tana cikin injin gaske, kuma layin umarnin wannan inji na kowa da kowa ne. Ba za a miƙa masa shi ba. Mai jadawali daban, mai ikon sokewa daban. Dole a sami ƙofa tsakaninsu.

Yunƙurin farko ya fito daga injiniyoyin Intel. Tunaninsu mai kyau ne a ido: a ƙirƙiro harshe guda na bai ɗaya. Fom ɗaya, da gurbin cewa wace ma'ajiya ake nufi, da gurbin cewa sokewar ta yanki duka ce, ko ta manhaja ɗaya, ko ta wasu adireshi. QEMU zai karɓi umarnin baƙo a yaren Intel ko na Arm, ya juya shi zuwa harshen bai ɗaya, kanel kuma ya sake juya shi zuwa yaren injin. Tafinta biyu ke nan tsakanin mutane biyu da ke jin harshe ɗaya. Ga shi kuma kowane kamfani da yadda yake yanka abubuwansa, fom ɗin kullum yana neman ƙarin gurbi. An shigar da bayanin fom ɗin cikin kanel wajen ƙarshen 2019, amma sauran hanyar ba ta taɓa haɗuwa ba, a 2022 aka cire shi.

Sa'a aka yi, a ganina. Ƙofar da kanel ya buɗe wa manhajoji kamar magana ce, zarar bunu. Dokar da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya fi tsanani a kanta ita ce kada a karya wa manhaja abin da ta riga ta dogara da shi. Da a ce wani ya fara amfani da wancan fom, da ana nan ana jan sa shekara da shekaru.

Aka koma aka sake tushe. Jason Gunthorpe na kamfanin NVIDIA ya jagoranci sabon tsari mai suna iommufd, ya shiga Linux 6.2 a farkon 2023. Fassara mai hawa biyu ta injin Intel ta zo a 6.7, umarnin sokewa kuma, mai suna IOMMU_HWPT_INVALIDATE, ya zo a 6.8 cikin Maris 2024. Bari mu tsaya a kan wannan fom ɗin, domin ƙarami ne amma kowane gurbi da dalilinsa.

Gurbin farko yana faɗin girman fom ɗin kansa. Wannan shi ne shirin gobe. In an ƙara gurbi a ƙasa nan gaba, tsohuwar manhaja za ta miƙo gajeren fom, kanel ya ɗauki abin da babu a matsayin sifili. Sabuwar manhaja kuma in ta haɗu da tsohon kanel, muddin ƙarin da ta kawo sifili ne, za a karɓa. In ba sifili ba ne a ƙi, a fili, maimakon a yi kamar an fahimta.

Sai gurbin da ke cewa wane jadawali ake nufi. Sai gurbin da ke cewa buƙatun da ke biye da wane yare aka rubuta su. Nan ne aka yi watsi da mafarkin harshe guda. Ambulan ɗaya ne ga kowa, amma takardar ciki kowane inji da yarensa, direban injin, wato sashen kanel da ke sarrafa shi, ne kaɗai zai buɗe ya karanta.

Sannan buƙatun ba ɗaya-ɗaya ake kawo su ba, jeri ne. Fita daga baƙo zuwa mai masauki tana da tsada, to in an fito a fito da kaya da yawa. Gurbin da ya fi burge ni shi ne na adadi. Da shi manhaja ke cewa ga buƙatu 20, da shi kuma kanel ke mayar da amsa cewa 13 na kammala. In an sami matsala, QEMU ya san a ta 14 aka tsaya, zai iya nuna wa baƙo daidai inda injin gaske zai nuna. Har wata 'yar dabara aka bari: ka sa adadin ya zama 0, ba a soke komai ba, amma amsar za ta gaya maka ko kanel yana jin wannan yaren.

Takardar Intel mai sauƙi ce. Adireshin farawa, yawan shafuka, da wata alama mai cewa layin ƙarshe na jadawali kaɗai ya canza, kada a wahala da soke na sama. In ana son a share komai, adireshi ya zama 0, yawan shafuka ya zama lamba mafi girma da gurbin zai iya ɗauka. Ku lura baƙo bai ambaci kowace na'ura ba. Kanel ya san na'urorin da ke rataye a jadawalin, shi zai bi su ya soke haddar cikinsu.

Arm kuwa labarinsa daban. A SMMU na uku, umarni bai rataya a jadawali ɗaya ba, yana tafe da lambobin shaida, ta baƙo, ta manhaja, ta na'ura. Don haka Nicolin Chen, shi ma na NVIDIA, da abokan aikinsa suka ƙara wani abu mai wakiltar mai gadin baƙo gaba ɗaya, ya shiga Linux 6.13 a Janairun 2025. A nan ba a fassara komai. Umarnin baƙo mai bait 16 ake ɗauko shi yadda ya rubuta. Amma kafin ya isa inji, kanel yana yin abu uku. Yana duba ko umarnin yana cikin 'yan kaɗan da aka yarda da su, in ba ya ciki ya mayar. Yana goge lambar shaidar baƙo da ke jiki ya rubuta ta gaske da hannunsa, ko me baƙon ya sa. Lambar na'ura kuma, wadda baƙo ya sani da lambar kwaikwayo, sai ya duba rajistarsa ya musanya ta da ta ainihi, in ba ta cikin na'urorin da aka ba wannan baƙo, magana ta ƙare. Baƙo ya faɗi abin da yake so da bakinsa, hatimi dai na mai gida ne. Mugun baƙo iyakarsa ya yi ta soke haddar kansa.

Saura jira. Aika umarni ba shi ne kammalawa ba. Baƙo ba zai sake amfani da shafi ba sai ya tabbata an manta, saboda haka kiran ba ya dawowa sai injin ya ce ya gama. Haddar da ke cikin mai gadi tana goguwa nan da nan. Ta cikin katin kuwa sai katin ya amsa, kuma ƙa'idar PCIe ta yarda a jira shi har minti 1. A duniyar da ake auna aiki da kason biliyan na sakan, minti guda shekara ce. Kati ya lalace, ko an zare shi ana tsakiyar aiki, layin da wasu ke amfani da shi ya tsaya. 

Duk da tara buƙatu jeri, fitar nan daga baƙo tana nan da tsadarta. Shi ya sa NVIDIA, a furosesarta Grace, ta gina wa SMMU ƙarin layukan umarni da za a iya miƙa wa baƙo kai tsaye. Kanel yana zuwa sau ɗaya tun farko, ya rubuta wa injin lambar shaidar baƙon da jerin na'urorinsa, ya ja gefe. Daga nan baƙo ke rubuta umarnin sokewa a layinsa, injin da kansa ke buga hatimi ya musanya lambar na'ura. Umarnin da layin bai yarda da su ba har yanzu ta tsohuwar ƙofa suke bi, ta hannun QEMU da kanel.