Maƙwabciya Baturiya ta riga mu buga ƙofa

Ranka ya daɗe Shugaba, a yi mini afuwa. Rahoton walwala na ƙungiyarmu ta Kanawa mazauna Manchesta a Ingila yana hannuna kuma zan karanta shi, amma abin da yake ci na a rai ba ya cikin takardar nan, da shi zan fara.

Wasunku sun ji ƙishin-ƙishin. 'Yar'uwarmu ce, 'yar cikin gari. Ba zan kama suna ba, ta yarda in yi maganar amma ta roƙi a rufa mata asiri. Maigidanta yana aikin dare a gidan kula da tsofaffi a wani gari, sai ƙarshen mako yake dawowa Manchesta. Ita da yara biyu ne a gidan haya. Mitarsu ta gas irin wadda sai ka loda mata kuɗi ce. Kuɗin ya ƙare, ɗan bashin gaggawar da mitar take bayarwa shi ma ya ƙare, albashi kuma da saura. Ga ƙaramin yana tari. Sai baiwar Allah ta tuna abin da ta taso ta ga iyayenmu suna yi. Ta ɗauko ragowar gawayin da suka gasa naman layya da shi, ta hura a tsohuwar tukunya, ta shigo da ita falo, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma, suka kwanta su uku.

Bayan ikon Allah, tsohuwar Baturiyar da suke haɗa bango ce ta cece su. Gari ya waye, lokacin kai yara makaranta ya wuce, ba ta ji gudun yaran a kan bene ba, labule kuma yana nan a sake. Ta fito cikin sanyin nan da sandarta ta buga ƙofa, shiru. Ta durƙusa ta ɗaga murfin ramin wasiƙa tana kiran sunayensu, sai ta ji ƙaurin gawayi. Nan take ta kira 999, lambar neman agajin gaggawa. An kai su asibiti, an sa musu iskar numfashi, kuma alhamdulillahi an sallame su, duk suna lafiya.

Tsohuwar nan ba ta tsaya nan ba. Ta loda musu mita da kuɗinta. Da suka dawo gida ta shigo da burodin da ta gasa, da zafinsa, a naɗe cikin tawul. A kansa akwai 'yar takarda da rubutun hannu mai rawa: fulawa, yis, gishiri, bota, madara. Ta rubuta ne don 'yar'uwarmu ta ci da kwanciyar hankali, ta san babu kitsen alade, babu giya. Na riƙe takardar nan a hannuna, wallahi sai da na yi ƙwalla.

To mu muna ina, iyayena da yayyena? Muna WhatsApp. Kwana kaɗan kafin abin ya faru ta ɗora hoton yaran cikin dusar ƙanƙara, da hulunan sanyi, suna dariya. Muka yi ta zuba mata masha Allah. Babu wanda ya ɗaga waya ya ce, yaya gidan, akwai ɗumi kuwa? Na tambaye ta me ya hana ta neme mu. Ta sunkuyar da kai ta ce kunya. Da na matsa, sai ta ce ai ta ji a taron da ya wuce Ma'aji yana cewa asusun agaji babu komai a ciki, ba ta so ta ɗora wa mutane nauyi.

Kun ji fa. Fam 10 a wata muka yanka wa kanmu, da bakinmu, a ɗakin nan, babu wanda aka tilasta. Yau ko rabinmu ba su cika na bana ba. Akwai waɗanda tun Ƙaramar Sallah ba a ga sisinsu ba, amma idan ana rabon abinci a taro suna sahun gaba. Ba gori nake yi ba, na san hayar gida, na san kuɗin wuta, na san kullum waya tana ƙara daga gida. Amma rashin biyanmu ne ya rufe bakin yarinyar nan, har ta gwammace ta hura gawayi.

Bari in tsaya a kan gawayin, don na san ba ita kaɗai ba ce. Idan gawayi yana ci a rufaffen ɗaki, yana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai ne zai fara, sai jiri, sai tashin zuciya, sai barci mai nauyi, daga nan ba kowa ke farkawa ba. Irinta ce take kashe mutane a gida idan aka kwana da janareta a kusa da ɗaki. A Kano kasko yana yi mana rana ne saboda a tsakar gida ko a zaure ake jin ɗumi, iska tana shiga tana fita. Gidajen nan kuwa tagoginsu gilashi biyu ne a liƙe. Haka ma 'yan'uwana mata masu turaren wuta, don Allah ku buɗe taga, ko ku koma na lantarki. Tun 1 ga Oktoba 2022 doka a Ingila ta wajabta wa mai gidan haya ya saka ƙararrawar gano wannan iska a duk ɗakin da tukunyar ɗumama gida ta gas take. Idan kun koma yau ku duba, ku danna ku ji ko tana kuka. Idan babu, ku rubuta wa mai gida, haƙƙinku ne. Kuma kada a yi wasa da baƙin danshin da yake fitowa a bango. A Rochdale, nan kusa da mu, shi ne ya yi ajalin yaro ɗan shekara 2 a Disamba 2020. Hukumomin lafiya sun ce ɗakin da ake zama kada ya gaza digiri 18, musamman inda akwai tsofaffi ko marasa lafiya.

Mu da muka taso a hunturun Kano muna ganin mun san sanyi. Ina! Namu sanyin na safe ne da dare. Hazo ya rufe Dala da Goron Dutse, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, a shafa man kaɗanya, a je Ƙofar Wambai a zaɓo rigar sanyi a gwanjo. Da hantsi rana ta fito, tsofaffi su shimfiɗa tabarma a jikin bango. Mai koko da ƙosai tana bakin lungu, kowa da kwanonsa. Kuma a cikin gari, ko a Yakasai ne ko a Mandawari, mace ba za ta wuni ba a ga hayaƙin girkinta ba face an turo yaro ya ce, wai Inna ta ce lafiya? Wani lokaci har mukan ji haushin sa idon. Yau ga shi muna nemansa ido rufe.

Nan kuwa tun da aka mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshen Oktoba, duhu ne ya mallake mu. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 an yi magariba. Azahar, la'asar da magariba duk cikin awa huɗu. Ka fita aiki cikin duhu, ka dawo cikin duhu, kowa ya ja ƙofarsa. Ga kuma dokokin biza da suka canza: daga Janairu 2024 yawancin ɗaliban digiri na biyu ba sa iya zuwa da iyali, daga Maris 2024 masu aikin kula da tsofaffi su ma haka. Ƙannenmu da suka zo bayan nan su kaɗai suke a ɗaki. Yawancinmu kuma bizarmu ta hana mu karɓar tallafin gwamnati. Idan asusun nan ya bushe, wa suke da shi?

Ba don in sa ku kuka kawai na tashi ba. Akwai abin da ya faranta mini rai a sanyin bana, kuma ina alfahari da shi. Duhun nan ya mayar da matanmu kicin. Hajiyarmu da ke zaune can baya, Allah ya ƙara mata lafiya, ta yi ta gwaji har ta gano yadda ake gurasa ba tanderu. Ta sa faranti mai kauri a obin ya yi zafi jau, ta bar kwaɓin ya tashi a kusa da hita saboda sanyin kicin yana hana yis aiki, sannan ta shimfiɗa. Da ta yi mana bandashe da ƙuli da albasa da man gyaɗa, akwai dattijon da ya ce shi kam yau ya je Jakara ya dawo. Wata tana alkaki, wata dubulan, 'yan matanmu kuma kek da cincin. Kuma gidan da aka kunna obin, ɗumi yake yi.

Shawarata ita ce mu haɗa wannan baiwa wuri guda, duk taro a kawo a sayar, ribar ta shiga asusun agaji. Amma mu bi ƙa'ida. Wadda za ta riƙa sayar da abinci daga gida sai ta yi rajista da ƙaramar hukuma kwana 28 kafin ta fara, kyauta ne. Mai bizar ɗalibi kuma ba a yarda ya yi sana'ar kansa ba, kada mu jefa yaranmu cikin matsala. Sannan akwai abubuwa 14 da doka ta ce a sanar da mai saye saboda masu rashin jituwa da su, ciki har da alkama, madara, ƙwai, riɗi da gyaɗa. Ƙuli-ƙulinmu gyaɗa ce tsantsa, akwai yaran da ɗan kaɗan zai kai su asibiti. A rubuta, kamar yadda tsohuwar nan ta rubuta wa 'yar'uwarmu.

Sai ɗanmu mai kyamara, wanda kuke gani yana zagaya mu duk taro. Na ga hotunan da ya ɗauka a sanyin nan: ƙanƙara a jikin gilashin mota da asuba, tururin shayi a bakin taga, hannun Hajiya cikin fulawa. Ya ce mini a wannan lokaci hasken taga da rana tsaka ya fi kowace fitila, shi ya sa yake zuwa da wuri. Yana da na gida ma, marinar Ƙofar Mata da Hawan Daushe. Ya yarda a haɗa a buga kalanda, ba zai karɓi ko kwabo ba. Allah ya yi masa albarka. Roƙona ɗaya, kada a sa hoton yaron kowa sai da yardar iyayensa. Kuma mu da muke aika hotunan dusar ƙanƙara gida, mu riƙa haɗawa da gaskiya. 'Yan'uwa suna gani suna cewa mun tsallake, buƙatu suna ƙaruwa, mu kuma muna jin nauyin cewa babu. Haka aka yi ta tura kuɗi gida daga gidan da mita ta mutu.

Maƙwabtanmu na nan kuma, Malam yana zaune, ya fi ni sani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abu Zarri idan ya yi miya ya yawaita ruwanta ya kula da maƙwabtansa. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa. Nawa ne cikinmu suka san sunan wanda suke haɗa bango da shi? Akwai ɗan Pakistan da yake kankare wa wata 'yar'uwarmu gilashin mota kafin ta fito. Akwai wanda yake fitar wa wani kwandon shara idan yana aikin dare. Mu ma mu buga ƙofa. Idan kin gasa gurasa, ki naɗe biyu ki miƙa. Da yawan tsofaffin nan su kaɗai suke kwana, 'ya'yansu suna nesa. Ina neman izinin Shugaba mu tashi wakilai, maza da mata, mu je mu gode wa tsohuwar nan da sunan ƙungiya, kada a ce Kanawa ba su san alheri ba.

Ina kuma so a raba mu unguwa-unguwa. Kowa a ba shi gida biyu da zai riƙa kira, kuma ya taka ya je, zumunci a ƙafa yake. Idan kun shiga kada ku tsaya a gaisuwa, ku taɓa hita ku ji ko da zafi.

Rahoto a gurguje: an yi suna biyu, mun je. An yi rasuwa a gida, mun yi ta'aziyya, Allah ya jiƙan musulmi. Makarantar Asabar tana nan, a daina kawo yara a makare. Likitarmu ta ce a tuna muku maganin bitamin D, mikrogiram 10 kullum har sanyi ya wuce. Kuɗin hayar ɗakin taro an biya na wannan wata, na gaba Allah ne masani. Sauran yana takarda, Sakatare zai tura.

Ma'aji ya buɗe littafi a bakin ƙofa. Mai bashin wata ɗaya da mai na wata goma, kowa ya tsaya ya rage wani abu yau, ba gobe ba. Wanda ba shi da hali ya same ni a gefe, daga ni sai shi, babu mai ji, kuma shi ma ya faɗa mini halin da mitarsa take ciki. Masu mota da za su bi ta Longsight ko Cheetham Hill ku ɗaga hannu yanzu in gan ku, akwai mata da goyo, ba na so su tsaya jiran bas.