Inuwar Darbejiya: Ranar zaɓe da keken guragu

HABU: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tun makon jiya WhatsApp ɗinmu bai huta ba, duk a kan maganar da Ɗanlami ya jefa, wai shi ranar zaɓe tun jajibiri cikinsa ke ɗurar ruwa.

ƊANLAMI: Ai ba wai ba ne, Habu. Ranar fa an hana ababen hawa fita. Ba adaidaita, ba acaɓa. Rumfata tana wata firamare, mai ƙafa minti goma zai yi ya isa. Ni kuwa da keken hannu, ga yashi, ga kwata a buɗe. A 2023 samari biyu ne suka cicciɓe ni suka tsallakar da ni. Na isa ina haki, sai na hango akwatin a kan baranda, matakala uku.

ZAINAB: Suka sake ɗaga ka?

ƊANLAMI: Kamar buhun masara, Hajiya. A gaban surukina kuma.

HABU: Buhun masara ai ya yi maka yawa. Kai ko tiya ashirin ba ka kai ba.

ƊANLAMI: Ka ji mai tumbi! Kai da a ce kai ne, sai an kira masu dako daga Dawanau.

ZAINAB: Su ma sai sun ce a ƙara musu kuɗin shayi.

HABU: A lokacin nan? Da ake ƙarancin takardun naira? Wa ke da tsaba?

ƊANLAMI: Wallahi ka tuna min. Na ce wa yaran nan in tura muku ta waya, ɗaya ya ce ba shi da asusu, ɗayan ya ba ni na yayarsa. Na tura, ya ƙi tafiya. Har muka dawo gida abin yana juyawa.

HABU: Ya shiga kuwa?

ƊANLAMI: Bayan kwana biyu. Yayar ta cinye abinta.

ZAINAB: To ku dawo kan hanya. Ni abin da ke ɗaure min kai, doka fa akwai ta. Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, aka ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara mashiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024.

ƊANLAMI: Je ki duba barandar firamaren unguwarku ki dawo ki ba mu labari. Sannan ga sashe na 54 na Dokar Zaɓe ta 2022, ya ce makaho ko wanda ba zai iya dangwalawa da kansa ba, ya zo da wanda ya yarda da shi. Wanda shi ya zaɓa fa. Amma abokina makaho ya ce min da ya isa, wakilan jam'iyyu suka yi masa caa, kowa "Malam kawo hannu in taimaka maka". Ɗan jagoransa yaro ne, aka ture shi gefe. Ya dangwala dai, har yau yana tantamar wa ya zaɓa.

HABU: Ba akwai wannan kwalin mai rubutun makafi ba?

ƊANLAMI: Akwai. INEC ta fara gwada shi a zaɓen gwamnan Osun na 2018, ana zura takardar ƙuri'a a ciki, mutum ya shafa ya gane layin jam'iyyarsa. Akwai tabaron ƙara girman rubutu domin zabiya. Madalla da su. To amma makafinmu nawa ne suka shiga makarantun masu buƙata ta musamman na Tudun Maliki ko Gindiri suka koyi rubutun? Ka je fadar Sarkin Makafi ka tambaya.

ZAINAB: Ni kutare ne na ga an ɗan sauƙaƙa musu, tunda BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, na tantance fuska idan yatsa ya ƙi.

ƊANLAMI: Wannan kam gaskiya, a yaba. Amma dubi lissafin nan: masu rajista miliyan 93 da ɗoriya a 2023, waɗanda aka rubuta a matsayin masu naƙasa dubu 85 da 'yan kai. A duk Najeriya! Idan ba a rubuta kana rumfa kaza ba, wa zai aiko maka da kayanka can?

HABU: Ni tsaron ne ke damuna.

ƊANLAMI: Kai da ke da ƙafa? Da an ce ga 'yan daba nan, kowa ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ni ina zan nufa? Kurma ma bai ji ihun ba, sai dai ya ga mutane sun watse. Shi ya sa idan aka ce mu ne farkon layi, ba gata ba ne. Mu yi mu bar wurin kafin rana ta take, kafin a fara ƙirga, don a nan ake ɓacin rai.

ZAINAB: Mun ce za mu karanta shawarwari biyar da masu sauraro suka turo...

HABU: Hajiya, batirin na'urar ya nuna ja.

ƊANLAMI: To ɗaya kawai. A sauko da teburin ƙasa, a gindin bishiya. Ko sisi ba a kashewa.

ZAINAB: Sauran huɗun fa?

HABU: Mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ɗanlami, wa zai sauke ka? Ɗakin nan ma a bene yake.