Umarnin da ke tilasta wa gwamnati ta fito da wanda ta tsare

A ce tsakar dare an ƙwanƙwasa ƙofa, an tafi da maigida ko takalmi bai sa ba. Gari ya waye, iyalinsa suna yawo daga wannan ofis zuwa wancan, kowa ya ce ba ya hannunsu. Ba tuhuma, ba kotu, ba ranar dawowa. To, me doka ta tanada?

Akwai wani umarni da alƙali ke bayarwa, sunansa da Latin habeas corpus, wato a kawo mutumin da jikinsa. A wannan zaman alƙali ba ruwansa da ko ya yi laifi ko bai yi ba, wannan sai daga baya. Tambaya ɗaya yake yi wa mai tsare da shi: da wace doka kake riƙe da shi? In ba amsa, a sake shi. A ganina duk sauran 'yanci a kan wannan suka jingina, domin wanda aka ɓoye a ɗaki mai duhu, ina zai yi maganar 'yancin faɗin albarkacin baki?

Tushen abin ya daɗe. A 1215 manyan masu sarauta na Ingila suka matsa wa Sarki John lamba ya sa hatimi a yarjejeniyar Magna Carta, wadda ta ce ba za a kama ɗa, wato wanda ba bawa ba, a ɗaure shi ba sai da hukuncin takwarorinsa ko bisa dokar ƙasa. Amma masu mulki ba sa rasa dabara. Sai suka riƙa tura fursunoni tsibirai irin su Jersey, inda hannun alƙali ba ya kaiwa da sauƙi. Majalisa ta toshe wannan kafa da dokar 1679: ta haramta fitar da fursuna ƙetare, ta yanka wa masu gadin kurkuku wa'adi, ta kuma sa tara ga wanda ya yi kunnen uwar shegu.

Tsarin mulkin Amurka da aka rubuta a 1787 ya ce ba a dakatar da wannan haƙƙi sai lokacin tawaye ko mamaya. Shugaban ƙasar, Abraham Lincoln, ya dakatar da shi a 1861, da yaƙin basasa ya ɓarke.

Ku lura da yadda tsohuwar dabarar nan ta dawo. Daga 2002 Amurka ta riƙa tsare mutane a Guantanamo, tana cewa wurin ƙasar Kuba ne, don haka kotunanta ba su da hurumi. Tsibiri dai kuma! A 2008 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce fursunonin na da damar zuwa gaban alƙali. Lakhdar Boumediene, wanda shari'ar ke ɗauke da sunansa, ya samu wannan dama. Alƙali ya duba hujjojin gwamnati, ya ga ba su isa ba. A 2009 aka sake shi ya tafi Faransa, bayan ya shafe sama da shekara 7 a tsare ba tare da an tuhume shi da komai ba.