Lacca: Jirgin yawon buɗe ido ya jingina da gaɓa ko a riƙa kwaso mutane da ƙananan jirage?

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina ko? Toh madalla, a ɗan rage surutu sai mu fara.

Maganar da zamu yi yau akan manyan jiragen ruwan nan ce na 'yan yawon shaƙatawa, waɗanda mutum zai biya kuɗi ya shiga ya kwana bakwai ana yawo dashi tsibiri-tsibiri, yau nan gobe can. In jirgin ya iso tsibiri hanya biyu ce ta sauke mutane. Ko dai ya matso ya jingina da gadar sauka, wato dogon dandamalin kankare da aka miƙa cikin teku, a ɗaure shi da igiyoyi kowa ya tako da ƙafarsa, ko kuma ya tsaya can nesa ya saki anka, wato ƙaton ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa da sarƙa don ya riƙe jirgi wuri ɗaya, ƙananan jirage masu inji su riƙa zuwa suna ɗibar mutane suna kaiwa gaɓa, su ne ma'aikatan jirgi ke kira tenda. Kamar dai tirela ce ta kawo kaya unguwar da lungunanta basu ɗaukarta, dole ta tsaya bakin titi a kira masu kura.

Na farko dai girman abin. Jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 tsawonsa mita 365 ne, in ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600 banda ma'aikata sama da 2,000, kuma abinda ya nutse na jikinsa a ruwa ya kai wajen mita 9. Kunga kenan ruwan bakin gada sai ya zarce haka zurfi, kuma sai an samu filin da zai juya. Tsibirai da yawa kuma Allah ya kewaye su da duwatsun murjani, ruwan bakin gaɓa bai wuce ƙugun mutum ba, in kana so babban jirgi ya iso sai ka yashe ƙasan teku ka farfasa murjanin, kuɗi ne na fitar hankali, ɓarna ce kuma da ba'a gyarata a shekara goma ko ashirin.

Wannan ba baƙon abu bane a wajenmu ma. 'Yan uwanmu na zango a Ghana iyayensu sun san lokacin da jirgi in yazo Accra can cikin teku yake tsayawa, matuƙa kwale-kwale su keto igiyar ruwa su ɗauki buhunan koko da mutane, manyan fasinjoji a saka su cikin wata kujera a sauke su da ƙugiya. Haka aka yi ta yi har aka buɗe tashar Tema a 1962.

Toh shi fasinja me ya dame shi? Lokaci. Ku yi lissafi da ni, jirgi mai mutum 4,000, ƙaramin jirgin jigila yana ɗaukar kamar 150, sawu nawa kenan? Kusan 27, fita kawai, ga kuma dawowa da yamma. Shi yasa ake raba tikiti mai lamba tun da safe, waɗanda suka sayi yawon cikin gari a hannun kamfanin jirgin su ake fara fitarwa, kai da kace zaka yi gaban kanka sai ka zauna kana jiran a kira lambarka, wani sai hantsi ya dubi ludayi bai taka ƙasa ba. Ga shi in iska ta taso igiyar ruwa tana ɗaga ƙaramin jirgin tana sauke shi a gefen babban, kyaftin yana da ikon cewa yau ba mai sauka, a wuce tsibirin gaba ɗaya, kuma abinda za'a mayar maka yawanci ɗan kuɗin harajin tasha ne kawai, don a takardar da ka sa hannu an rubuta cewa hanya zata iya canzawa.

Yanzu bari in tsaya akan Grand Cayman, don nan ne maganar tafi daɗi. Tsibiri ne a tekun Karibiyan ƙarƙashin Birtaniya, kudu da Kuba, babban garinsa George Town, kuma har yau ba gadar da jirgin yawon buɗe ido zai jingina, duk wanda yazo sai ya tsaya waje a kwaso mutanensa. In iskar arewa maso yamma ta hana tsayawa a George Town akan koma wani wuri a kudancin tsibirin da ake cewa Spotts, shima jirage kaɗan yake ɗauka. A 2018 mutanen da jirage suka kawo musu sun kai wajen miliyan 1.9, ƙasar da mutanenta gaba ɗaya basu kai dubu ɗari ba. Amma tun kafin nan kamfanoni sun fara ƙera ƙatti irin su Oasis of the Seas na 2009 da 'yan uwansa, waɗanda ba'a kai su wurin da sai an yi jigila, don kwashe mutum dubu shida da ƙananan jirage sai ya cinye rabin yini. Maƙwabciyarsu Jamaika ta riga ta buɗe tashar Falmouth a 2011 musamman saboda irin waɗannan jiragen, Cozumel ta Meziko ma tana da gadoji. Kamfanoni suka ce wa Cayman, ku gina ko mu rage zuwa.

Gwamnati ta amince, aka tsara aikin wajen dala miliyan 200 da hannun manyan kamfanonin jirage Carnival da Royal Caribbean a ciki. Sai mutanen gari suka tashi, masu nutso da masu kula da muhalli da wasu 'yan kasuwa, suka bi gida-gida suna tara sa hannu a 2019 har suka cika kashi 25 cikin 100 na masu zaɓe da tsarin mulkinsu ya tanada don tilasta ƙuri'ar raba gardama. Aka shiga kotu akan yadda za'a yi ƙuri'ar, korona ta zo ta tarar dasu ana ja, maganar ta kwanta. Aka sake tada ita, ranar 30 ga Afrilu 2025 tare da babban zaɓe aka tambayi jama'a, sama da kashi 60 cikin 100 suka ce basa so. Kuma sun san abinda zasu rasa fa, don baƙin jirgi sun riga sun ragu sosai, masu tasi da masu shagon tsaraba suna kuka, kuma kukansu gaskiya ne, mutumin da ya ci bashi ya sayi bas don ɗaukar baƙi bazaka ce masa yayi haƙuri saboda murjani ba.

Ni dai in kun tambaye ni, mutanen Cayman sun fahimci abinda da yawa basu fahimta ba. Ranar da ka gina gada da kuɗin kamfanin jirgi, ka ɗaure kanka shekara ashirin ko fiye kana biya da harajin kan fasinja, dole kenan ka riƙa roƙon jirage su zo da yawa, kai ne mai tsibiri amma su ke yanke yawan baƙin da zasu shigo maka. Baƙon jirgi kuma a jirgi ya kwana, a jirgi ya karya, awa biyar ko shida zai yi a gari ya sayi riga da ɗan abin wuya ya koma cin abincin da ya riga ya biya, ba kamar wanda yazo ta jirgin sama ya kama otal na sati ba. Sannan ita kanta jigilar sana'a ce, a George Town kamfanin gida ne ke yinta.

Amma kar wani ya fita nan yace malam yace jigila ita ce magani, a'a. Tsayawa a waje ma tana ɓarna, a Cayman ɗin a 2014 da 2015 sarƙar anka ta jirage ta ja a ƙasan teku ta niƙe murjani mai yawa. Kuma ku dubi Santorini a Girka. Can matsalar zurfi ne yayi yawa, don tsibirin bakin tsohon dutse ne mai aman wuta da ya rufta teku ta cika ramin, wurare da dama anka bata kaiwa ƙasa, sai jirgi ya tsaya da ƙarfin injinsa yini guda yana ƙona mai. Matuƙan garin ne ke kwaso mutane zuwa tsohuwar tasha a gindin dutse, garin Fira kuma yana can sama, ko ka hau ɗan keken nan da ke tafiya akan waya wanda bai wuce mutum 1,200 a awa ba, ko ka taka matakala kusan 600, ko ka hau jaki. Duk da haka a Yulin 2024 an yi ranar da aka sa ran baƙin jirgi 17,000, tsibirin da mazaunansa basu wuce 16,000 ba. Rashin gada yana hana ƙaton jirgi ɗaya zuwa, amma baya hana matsakaita biyar su jeru rana guda. Sai da hukuma ta sa doka, daga 2025 mutum 8,000 a rana a Santorini, ga harajin yuro 20 kan kowane fasinja a lokacin cunkoso, a nan da kuma tsibirin Mykonos.

Naga hannu a can, bismillah hajiya. Eh, tace mai keken guragu ko tsoho fa? Gaskiya nan ne jigila tafi cutarwa. Mutum zai sauko ƙasan jirgi zuwa wata ƙofa daf da ruwa, ya tsallaka daga abu mai motsi zuwa wani abu mai motsi, ma'aikata biyu suna riƙe da hannunsa, kamfanoni da yawa kuma sharaɗinsu sai in zaka iya takawa da kanka, keke mai batir mai nauyi basa ɗauka. Don haka in zaki biya wa mahaifiyarki irin wannan tafiya, ki buɗe jadawalin tun kafin ki biya, gaban sunan kowace tasha ana rubuta ko jingina za'a yi ko anka za'a saki, wasu ma ɗan hoton anka suke sawa. In kika ga uku cikin biyar duk anka ne, ki nemi wata tafiyar. Akwai wata tambaya kafin a kira sallah?