Haura katangar intanet ɗin makaranta: wayo ne ko cin amana?

(Lacca ce da aka gabatar wa ɗaliban manyan makarantu a cikin birnin Katsina. An rubuto ta daga abin da aka naɗa, an rage maimaici.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina da ke nan gaba, Allah ya ƙara girma. Ƙannena ɗalibai, sannunku da haƙurin zama cikin wannan zafi.

Zan fara da tambaya, amma kada kowa ya ɗaga hannu. Mutum nawa ne a ɗakin nan ke da VPN a wayarsa? To, wannan kallon juna da kuke yi ya ishe ni amsa.

Na yi shekaru ina aiki a ɗakin kwamfuta na wata makaranta. Ni ake ce wa a toshe shafi kaza, in toshe. Bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki. Duk wanda ya hau waifai ɗin makaranta, abin da ya nema sai ya bi ta wata na'ura guda, kamar mai gadi a bakin ƙofa riƙe da takardar sunaye. Shafin da sunansa ke takardar, ba ya wucewa. VPN kuwa sai ta ɗauki saƙonka ta sa a ambulan ta liƙe, ta aika wa wata kwamfuta a Jamus ko Holan, ita ce za ta buɗe ta ɗebo maka abin da kake so. Mai gadi ba ya ganin abin da ke cikin ambulan, amma yana ganin ƙatonsa, yana kuma ganin daga wace waya ya fito. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da yawanku a watan Yuni 2021 kuka koyi VPN, lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, har zuwa Janairu 2022. A Satumbar wannan shekara ta 2021 kuma aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda 'yan bindiga. Mutum ya taso daga Batsari ko Jibiya, ya biya kuɗin mota, don kawai ya kira ɗansa ya ji lafiyarsa. Saboda haka Bakatsine ba sai an yi masa bayanin zafin a yanke mutum daga duniya ba. Ni ma ba masoyin toshewa ba ne, kuma ban zo in ce muku duk abin da makaranta ta toshe ta yi daidai ba.

Wata rana wata ɗaliba mai karatun lafiya ta tsaya a bakin ofishina, ta yi sallama har sau biyu kafin in ɗago. Ta ce, "Malam, don Allah an ba mu aiki kan sankarar mama, duk shafin da na buɗe sai ya ce an hana." Na karɓi wayar na duba. Na'urarmu ce ta ga sunan wannan gaɓa da Turanci, ta ɗauka shafin batsa ne. Ko minti biyar ban yi ba na gyara. Sai take gaya mini ai tun farkon zango 'yan ajinsu da VPN suke karatu, ita ce dai wayarta ba ta da wurin saka wata manhaja. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Aji guda na masu shirin kula da marasa lafiya, mun tsare musu hanyar ilimi wata da watanni ba mu sani ba. Laifinmu ne, ba na kewaye-kewaye. Amma ku duba ɗaya gefen. Duk waɗanda suka haura katanga kansu kaɗai suka fitar. Wadda ta biyo ta ƙofa ita ta buɗe wa ajinsu, da ajin da ke bayansu, da waɗanda ba a ma ɗauka ba tukuna. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 189, Allah yana cewa ku zo wa gidaje ta ƙofofinsu.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai. Makon rijista ne, shafin makaranta ya ƙi motsi, layi tun daga bakin ofis har gindin darbejiya. A cikin layin akwai wani yaro sabon ɗauka daga wajen Baure, takardunsa cikin leda, kuɗin motar zuwa da komawa kaɗai mahaifinsa ya ba shi. Na koma kan allo na duba ina intanet ɗin ke tafiya. Wayoyi ƙalilan ne suka shanye kusan duka, kowace da ƙaton ambulanta. Da aka bi sawu, finafinai masu dogon zango ake saukewa a ɗakin kwanan ɗalibai. Yaron nan bai samu rijista ba ranar, a masallacin makaranta ya kwana, ya yi matashi da ledar takardunsa. Waɗanda suka jawo masa ba su san shi ba, ba su nufe shi da sharri ba, kuma da za ka tambaye su za su rantse ba su cuci kowa ba.

Ku yi lissafi da ni. A ce makaranta ta sayi layi mai megabit 100 a daƙiƙa. Bidiyo guda mai tsabtar hoto yana cin kamar megabit 5. Mutum 20 ke nan sun cinye tuwon mutum dubu. Galibin toshewar da kuke gani ba don ana zarginku da lalata ba ne, tukunyar ce ƙarama.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya ba da misalin mutanen da suka yi ƙuri'a a jirgin ruwa, wasu suka samu sama, wasu ƙasa. Na ƙasa in suna son ruwa sai sun hau sun ratsa na sama. Sai suka ce, me zai hana mu huda nan wajenmu, mu huta, mu hutar da su? Ku lura, niyyarsu ba mummuna ba ce, kuma ruwan da suke nema halal ne. Sai dai jirgin ba nasu ba ne su kaɗai. Hadisin na cikin Bukhari, daga Nu'umanu ɗan Bashir.

Na san abin da kuke cewa. "Ai mun biya kuɗin intanet a cikin kuɗin makaranta." Gaskiya ne, kun biya, kuma kuna da haƙƙin tambayar ina kuɗin ya tafi, ku tambaya da babbar murya. Amma yaron Baure ma ya biya. Sannan ranar da aka ba ka suna da lambar sirri, akwai sharuɗɗan da ka danna ka ce ka yarda, ko ba ka karanta ba. Musulmi suna kan sharuɗɗansu, wannan kun sani tun a Islamiyya.

Wani ɗalibi ɗan Daura ya taɓa kawo mini hujjar da ta fi waɗannan duka. Ya ce, "Malam, ai Bayajidda ma da aka ce masa ba a ɗiban ruwa a Kusugu sai Juma'a, bai jira Juma'a ba." Na ji daɗin maganar, don yaro ne mai tunani. Na ce masa to mu bi labarin har ƙarshe. Bayajidda bai lallaɓa ya cika tulunsa ya bar maciji a rijiya ba. Kashe shi ya yi, gari duka ya samu ruwa, da aka nemi wanda ya yi aikin kuma ya fito da kan macijin a gaban jama'a. Kai da ka kunna VPN a ƙarƙashin bargo, wa ya sha ruwa ban da kai? Kuma in aka tambaya gobe, za ka fito?

Akwai wanda ya yi irin wannan da manufa babba. Aaron Swartz, wani matashi ɗan Amurka, yana ganin bai kamata a kulle binciken ilimi sai mai kuɗi ba. Daga ƙarshen 2010 ya riƙa amfani da intanet ɗin jami'ar MIT yana sauke maƙaloli daga JSTOR, wani rumbun maƙalolin bincike a intanet da sai an biya ake shiga, in an toshe shi ya sauya lambar kwamfutarsa ya dawo, har ya kai kusan miliyan 4.8. Aka kama shi a Janairu 2011, aka ɗora masa tuhumar da za ta iya kai shi shekaru masu yawa a kurkuku. A Janairu 2013 ya kashe kansa yana da shekara 26. A ganina an tsananta masa fiye da kima, kuma ƙorafinsa ƙorafinmu ne, mu da malaminmu ke ganin maƙala a intanet ya kasa sayenta. Duk da haka, a cikin wannan ja-in-ja sai da JSTOR ta rufe wa jami'ar gaba ɗaya ƙofa na kwanaki, masu bincike da ba su ji ba ba su gani ba suka tsaya cik. Ko mai kyakkyawar niyya, in ya huda jirgi, ruwan ba ya tsayawa a wajensa.

Sai maganar VPN ta kyauta, wannan don kanku nake faɗa. A 2016 masu bincike, ciki har da na hukumar kimiyya ta Ostareliya, sun duba manhajojin VPN 283 na wayar Android. Kashi 38 cikin ɗari an ga alamar muguwar manhaja mai cutar da waya a cikinsu, kashi 18 kuma ko liƙe ambulan ɗin ba sa yi. Ka guje wa mai gadin makarantarku da ka san fuskarsa, ka miƙa duk abin da ke fita daga wayarka ga wanda ba ka san ko a wace ƙasa yake ba, a wayar da kake shiga asusunka na banki, wayar da hotunan 'yan gidanku ke ciki.

Wani abu kuma babu muhawara a kansa. Ɗaukar lambar sirrin malami, shiga rumbun sakamako, buɗe hanya a ɗakin jarrabawar kwamfuta, wannan ya wuce haura katanga, fasa ɗaki ne. Mallakar VPN ba laifi ba ne a dokar Nijeriya, amma kutse cikin kwamfutar da ba a ba ka izini ba yana ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024.

Malamaina, ku yi mini afuwa, mu ma akwai namu. In muka toshe abu, mu faɗi dalili. A liƙa lambar waya ko a ajiye littafi inda ɗalibi zai rubuta shafin da yake buƙata, kuma a amsa masa cikin kwana ɗaya ko biyu. YouTube cike yake da darussan lissafi da haɗa magunguna da gyaran inji, rufe shi ɗungurungum hasara ce. A rage masa gudu da rana, a sake shi da dare. Kuma na'urar nan tana nuna mana abubuwa da yawa game da yaran mutane. Ayar da ta hana bin diddigin asirin juna ba ta ware ma'aikacin ɗakin kwamfuta ba.

(Wata ɗaliba ta tambaya: "Malam, idan mun kai kuka an yi shiru, ga jarrabawa ta matso, darasin kuma yana shafin da aka toshe fa?")

Ƙanwata, tambayarki ta yi kyau, kuma ba zan ba ki amsar da ni kaina ban yarda da ita ba. Ki fara da malamin da ya ba da aikin, don maganarsa ta fi taku saurin shiga ofis. In abu ya gagara, ku haɗa naira ɗari-ɗari ku sayi data, mutum ɗaya ya sauke darasin ya tura wa sauran waya zuwa waya. In duk wannan bai yiwu ba kika bi ta VPN don wannan darasi guda, da dare, kika rage tsabtar hoton, ni ba zan kira ki mai cin amana ba. Sharaɗina ɗaya ne: washegari ki iya tsayawa gaban malaminki ki ce, Malam, jiya ga abin da na yi, ga dalili, har yanzu shafin a rufe yake. In kika ji ba za ki iya faɗa ba, to ki sake duba abin da kika buɗe.

Na ji an kira la'asar. Shugabannin aji, kowa ya rubuto sunayen shafukan karatu da aka toshe a makarantarsu, da kwas ɗin da ake buƙatarsu dominsa, ku same ni nan bakin ƙofa bayan salla, mu tsara takardar tare.