Me Ke Kwantar da Tunkiya Mai Tsohon Ciki?

Makiyaya daga Gadarif har Mai Wurno a ƙasar Sudan sun san wannan: a ɗora tunkiya mai tsohon ciki a mota, ta yini ba ci, washegari ta kwanta ta kasa tashi, tumbi ya kumbura. Galibi kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, shi ne ya yi ƙasa a jininta.

A wuyan tunkiya akwai wasu 'yan ƙulli huɗu da ake kira faratayirod. Da kalsiyam ya ragu a jini sai su saki homon, wato sinadarin da ke kai saƙo a jiki, mai aiki uku: ya ciro kalsiyam daga ƙashi, ya hana ƙoda zubar da shi a fitsari, ya kuma sa ƙodar ta kunna bitamin D domin hanji ya tsotso ƙari daga abinci. Matsalar ita ce ciro shi daga ƙashi na ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu. A makonni shida na ƙarshen ciki kuwa, ƙasusuwan 'ya'yan na ta jan kalsiyam ba jira, musamman in tagwaye ne kuma uwar ta tsufa.

Magniziyam, wani sinadarin da jiki ke buƙata, ba shi da homon mai tsaronsa. Abin da tumbi ya tsotsa yau shi ne jari. In ya yi ƙasa, homon ɗin faratayirod ma ba ya aiki sosai. Nan gishiri ya shigo: in dabba ta rasa shi, wani homon mai suna aldostiron zai maye sodiyam (sinadarin gishiri) na yawu da fotasiyam, fotasiyam ɗin kuma ya toshe shan magniziyam a tumbi. Don haka kar gishirin lasa ya yanke a garke.

In tunkiya ta kwanta, a kira likitan dabbobi. Ruwan kalsiyam ta jijiya, a ɗumama shi, a ba da shi a hankali, don gaggawa na iya tsayar da zuciya. Takan miƙe cikin awa guda. In ba ta miƙe ba, a binciki ƙarancin sukari a jininta.

Masu turken ragon Layya, ku ma da naku. Dawa da dusar alkama fosfaras ne ya yi musu yawa, shi ke kawo tsakuwar da ke toshe fitsari. A riƙe kalsiyam kashi biyu, fosfaras kashi ɗaya a abincin rago: a haɗa da barsim (wata ciyawar kiwo da ake nomawa), ko garin farar ƙasa na dabbobi kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kilo 100 na hatsi, da ruwa mai tsafta kullum.