Babban Wa a Gona: Lacca kan Biyayya da Ƙaunar Allah

Iyayena maza da mata, 'yan'uwa a cikin Almasihu, ina so mu tsaya yau a kan mutumin da mukan wuce shi da sauri idan muna karanta Luka sura 15, wato babban wan yaron nan da ya ɓatar da gadonsa. Shi bai bar gida ba, daga gona ma ya dawo ya tarar ana kiɗa da rawa, kuma abin da ya faɗa a aya ta 29 uban bai ƙaryata shi ba: shekara da shekaru yana bauta, bai taɓa ƙetare umarni ba. Amma ku saurari lissafinsa da kyau. Kukansa shi ne ba a taɓa ba shi ko ɗan akuya ya yi shagali da abokansa ba, wato duk tsawon zaman nan ladan aiki yake jira, zama da uban kuwa bai taɓa ɗaukarsa abin murna ba.

Yesu ya ba da misalin ne saboda Farisiyawa da malaman Attaura suna gunaguni cewa yana ci tare da masu zunubi. Kada mu yi saurin yi musu dariya, domin a wajen himma sun fi yawancinmu: akwai mai azumi sau biyu a mako, kuma har ganyen ƙamshi na lambu suna fitar masa da zakka. Inda abin ya lalace yana cikin Markus sura 7, inda mutum zai ce dukiyarsa keɓaɓɓiya ce ga Allah, da haka sai ya hana mahaifinsa da mahaifiyarsa abin da ya wajaba ya ba su. A wannan wurin ne Yesu ya jawo maganar annabi Ishaya, cewa da baki mutanen suke girmama Allah, zuciyarsu kuwa tana nesa da shi.

To, a nan wasu matasanmu sukan yi tsalle su ce tunda zuciya Allah yake dubawa, zuwa sujada da baiko da kame kai duk ba dole ba ne. Wannan, a ganina, wayo ne kawai. A Yahaya 14:15 Yesu ya ce mai ƙaunarsa zai kiyaye umarninsa, kuma ko zakkar ganyen nan bai ce a daina ba, cewa ya yi a haɗa ta da adalci da jinƙai da aminci. Martin Luther, malamin nan Bajamushe da ya jagoranci gyaran ikilisiya, ya rubuta a shekarar 1520 cewa ayyuka nagari ba su ne suke mai da mutum nagari ba, mutum nagari ne yake yin ayyuka nagari.

Ikilisiyar Afisa a Wahayi sura 2 ta sha yabo saboda wahalarta da jimirinta da yadda ta tona manzannin ƙarya, duk da haka aka ce ta bar ƙaunarta ta fari, har aka gargaɗe ta cewa za a kawar da fitilarta daga wurinta. Maganin da aka ba ta kuwa ba ta zauna ta jira wani motsi a rai ba ne: ta tuna inda ta faɗo, ta tuba, ta koma ga ayyukan da take yi da fari. Dattawan ikilisiya, idan kun tashi ziyarar gida gida, kada ku tsaya ga waɗanda suka daina zuwa kaɗai, ku ƙwanƙwasa ƙofar wanda bai taɓa fashin sujada ba, ku tambaye shi yadda yake da Ubangijinsa.